Shayi, goro da kafe: tambayoyi da amsoshi kan tantance abin da mutane ke cewa sun sha a lokacin bincike

Wannan shafi na ɗaliban kiwon lafiya ne da ma'aikatan likita da masu tattara bayanai a Damagaram, waɗanda aikinsu ya ƙunshi tambayar mutane yawan kafeyin, wato sinadarin nan mai wartsakarwa da ke cikin shayi, goro da kafe, da ke shiga jikinsu.

Me ake nufi da tantance abin da mutum ya faɗa?

Bincike kan hawan jini, rashin barci, ciwon kai ko nauyin jarirai yakan buƙaci sanin miligiram nawa na kafeyin mutum ke sha a rana. Hanya mafi araha ita ce a tambaye shi. Tantancewa ita ce a ware wasu daga cikin mutanen, a gwada amsarsu da wani ma'auni wanda bai dogara da tunawarsu ba, kamar awon abin shan kansa ko gwajin yawu, sannan a fitar da girman saɓanin, a ga kuma ko ƙari ake yi ko ragi.

Abu biyu ake nema, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko, ko takardar tambayoyin tana iya jera mutane daidai, mai sha da yawa a sama, mai sha kaɗan a ƙasa. Na biyu, ko adadin da ta bayar shi ne ainihin adadin. Takarda na iya cin na farko ta faɗi na biyu.

Ke nan ƙarya mutane ke yi?

Ba kasafai ba. Akwai masu ragewa don kunya, musamman mata idan ana tambayarsu a gaban surukai, akwai kuma samarin da ke ƙarawa. Amma a ganinmu mafi yawan kuskuren daga takardar yake fitowa. Wanda ya ce ya sha kofi uku gaskiya ya faɗa, sai dai “kofi” ba shi da tsayayyen adadin kafeyin, kuma mai binciken ne ya ninka ukun nan da wata lamba da ya kwaso daga jadawalin wata ƙasa.

Ta ina kafeyin ke shiga jikin mutanen Damagaram?

Takardun da aka tsara a Turai da Amurka da kafe suke farawa. A nan, ko da ma a Ingila, hakan na iya ɓatar da mutum: binciken da aka yi kan mata masu ciki 2,635 a Lids da Lesta, wanda ya fito a 2008, ya gano cewa fiye da rabin kafeyin ɗinsu daga shayi yake zuwa. A Damagaram sai a sa koren shayin da ake dafawa a fada da goro a sahun gaba. Bayansu Lipton da Nescafé na teburin mai shayi, wanda sau da yawa yakan haɗa su biyun a kofi ɗaya. Sai Coca-Cola, mai kimanin miligiram 32 zuwa 34 a gwangwanin mililita 330, da lemukan ƙarin kuzari, waɗanda yawancinsu ke da kusan miligiram 32 a kowane mililita 100, wato 80 a gwangwanin Red Bull na mililita 250.

Wanda aka fi mantawa shi ne magani. Ƙwayar Panadol Extra ɗaya na da miligiram 65, kuma magungunan ciwon jiki da yawa da ake sayarwa a tebur, irin su Ibucap, suna ɗauke da kafeyin. Lebura ko ɗan kabu-kabu da ke haɗiyar biyu da safe biyu da yamma ba zai taɓa ambata su ba idan “me ka sha” kawai aka tambaye shi. A nemi ya nuno kwalin ko fallen maganin, a kwafe abin da ke rubuce.

Akwai kuma kuskuren da ke ƙara adadi. Mutane na kiran duk ruwan zafi da aka jiƙa ganye a ciki shayi, alhali zoɓo, citta, na'ana'a da kanumfari ba su da kafeyin. Dole tambaya ta biyo baya: wane ganye aka sa? Namijin goro ma tsiro ne daban, kada a haɗa shi layi ɗaya da goro.

Me ya sa ba a iya dogara da “kofi nawa”?

Ko a inda ake da injin haɗa kafe ba a iya. Wani awo da aka yi a Fulorida ta Amurka a 2003 ya sayi kafe iri ɗaya a shago ɗaya kwana shida a jere, ya sami daga miligiram 259 har 564. A Gilasgo ta Birtaniya, awon shaguna 20 da aka wallafa a 2012 ya sami daga 51 zuwa 322 a ƙaramin kofi. To, ina ga shayin da ake dafawa a kan gawayi, kowa da hannunsa?

Ga yadda lissafin shayin fada yake. Busasshen ganyen shayi na ɗauke da kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa. A ce an zuba giram 25 a buta, kuma ganyen na da kashi 2.5, to miligiram 625 ke cikin butar. Shayin nan tafasa shi ake yi ya daɗe, saboda haka mafi yawan kafeyin ɗin zai fito. Amma ba daidai yake rabuwa ba: na farko, mai ɗacin nan da kumfa, shi ke kwashe kaso mafi tsoka, na biyu ya ragu, na uku kusan ruwan sukari ne. Idan mutum shida suka zauna har ƙarshe, kowa zai tashi da kusan miligiram 100. Idan su uku ne, ninki biyu. Wanda ya zo a makare ya tarar da na uku, da wanda ya sha na farko ya wuce masallaci, duk “kofi ɗaya” za su ce, alhali abin da ya shiga jikinsu ya yi nisa da juna.

Don haka kafin a buga takardar tambayoyi a fara da butar. Ana buƙatar sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, sirinji na mililita 50, da ƙananan kwalaben gwaji masu murfi. A zagaya fada aƙalla goma sha biyar zuwa ashirin a unguwanni mabambanta, Birni, Zango, Sabon Gari da gefen gari, har da tasha da Kasuwar Dole. A kowace a auna ganyen kafin a zuba, a rubuta sunan kwalin, a auna ruwan, a duba mintunan tafasa, a ƙirga masu sha. Daga kowane zagaye a ja mililita 5 bayan an gama jujjuya shi tsakanin kofuna, a rubuta lamba, a sa a sanyi. Sai a auna abin da ake zubawa a ƙaramin kofin gilashi ba tare da kumfa ba, domin kumfar kan sa a ga kamar ya cika. Wani abin lura: wasu na ƙara sabon ganye a zagaye na biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe lissafin idan ba a rubuta ba.

Daga nan tambayar takarda za ta zama: zama nawa ka yi, ku nawa ne, wane zagaye ka sha.

Goro fa, yaya ake lissafa shi?

Ya fi shayi wuya. Busasshen goro na da kafeyin kimanin kashi 1.5 zuwa 2.5 cikin 100, ɗanye kuwa kusan rabinsa ruwa ne. Goro mai giram 20 zai ba da busasshe kamar giram 10, wato miligiram 150 zuwa 250 idan aka cinye shi duka. Amma wa ke cinye goro a zama ɗaya? A ɓara, a miƙa wa na kusa, a gutsura, a mayar da sauran aljihu ko a ƙulle a bakin zane har la'asar. Wasu na haɗiye tuƙar, wasu na tofarwa.

Abin da ya fi aiki shi ne a riƙe goro uku da aka auna, ƙarami, matsakaici da babba, a ajiye a gaban mutum ya nuna wanda ya yi kama da nasa, sannan ya nuna da yatsa iya inda ya ci. Tambayar kuɗi ma na taimakawa, domin dattijo ya fi tuna goron nawa ya saya da yawan gutsuren da ya yi, sai dai a cire wanda ya bayar a ƙara wanda aka ba shi. Ranar ɗaurin aure ko suna a rubuta ta daban.

Wace hanyar tambaya ta fi?

Uku ake da su. Takardar da ke tambayar al'adar mutum cikin wata ko shekara ta fi sauƙi ga dubban mutane, amma tana tilasta masa yin lissafi a ka. Hirar abin da aka sha jiya ta fi kusa da gaskiya ga rana ɗaya, sai dai rana ɗaya ba ta wakiltar mutum. Littafin da mutum ke cikawa da kansa kwana bakwai ya fi su duka bayani, amma yana buƙatar iya rubutu, kuma wasu kan rage sha don gudun wahalar rubutawa. Ga wanda bai yi boko ba ana iya yin takarda mai hotuna yana jan layi, ko ya rubuta da ajami.

Shawararmu ita ce a yi amfani da takardar al'ada ga kowa, a tantance ta da hirar jiya sau uku zuwa huɗu a ranakun da ba sa jere. A tabbata an haɗa da Juma'a, da Alhamis ranar babbar kasuwa, a kuma raba tsakanin lokacin sanyi da na bazara.

Yaya ake yin hirar jiya ba tare da an sa wa mutum magana a baki ba?

Da lokutan salla ake bin ranar, ba da agogo ba. A fara barin mutum ya zayyano da kansa ba katsewa. Zagaye na biyu a bi ta kan abubuwan da ake mantawa: goro, magani, lemo. Na uku a ɗaura kowane abu da lokacinsa da wurinsa, misali: “Baba, da kuka fito daga sallar azahar, ina kuka zauna? An dafa wani abu a wurin?” Ko: “Inna, goron da kuka ce an kawo muku, kun raba da wani ne?” Na huɗu a fito da kofuna da goron nuni don girma. Na ƙarshe a karanta masa duka ya gyara.

Kada a ce “ai ba ku shan da yawa, ko?”, kuma kada mai tambaya ya nuna mamaki da fuska. Mace ta yi hira da mace, a keɓe.

Wane gwajin jiki ake kwatantawa da shi?

Kafeyin kan kai ƙololuwa a jini cikin minti 30 zuwa 60 bayan sha. Hanta ce ke sarrafa shi ta wani sinadari mai suna CYP1A2, ta mayar da kimanin kashi 84 cikin 100 zuwa paraksantin, 12 zuwa tiyoburomin, 4 zuwa tiyofilin. Abin da ke fita a fitsari ba tare da ya sauya ba bai wuce kashi 3 ba.

Jini shi ne ma'aunin da aka fi sani, amma mutane da yawa ba sa son a ɗiba. Yawu na bin jini sau da ƙafa, yana ɗauke da kimanin kashi 65 zuwa 85 na kafeyin da ke cikin jinin, ba allura, ba tsoro. Fitsarin awa 24 na tattara ranar gaba ɗaya, amma tara shi aiki ne: a zubar da na farkon safiya, a tara duk sauran har na safiyar gobe a jarka mai lita 3, kuma mantuwa ɗaya ta ɓata shi. A zafin Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, fitsari na raguwa ya yi kauri, don haka dole a auna kiriyatinin tare, wato sinadarin da ke nuna kaurin fitsarin.

A auna paraksantin tare da kafeyin. Ba ya hawa da sauka da sauri kamar kafeyin, kuma ba a samunsa a abinci, daga kafeyin kaɗai yake fitowa. Tiyoburomin bai dace ba, domin yana cikin cakulan da Milo da shi kansa goro.

Mene ne matakan ɗibar yawu?

A tambayi lokacin sha na ƙarshe a rubuta shi da minti. A bar aƙalla awa ɗaya tsakaninsa da ɗiba, biyu ta fi. Mutum ya kurkure baki da ruwa sosai, ya jira minti 10, sannan ya tara yawu mililita 1 zuwa 2 a kwalba, ko ya tauna audugar gwaji na minti biyu. A sa a akwatin ƙanƙara nan take, a kai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri a ranar. A raba kowane samfuri gida biyu, saboda idan wuta ta ɗauke ɗaya ya narke ko ya zube a hanyar kai shi Yamai, akwai na ajiya. Lamba a jikin kwalba ake rubutawa da alƙalamin da ba ya gogewa, ba a murfi kaɗai ba.

Babban abin da ke lalata wannan gwaji a nan shi ne goro. Ɓurɓushinsa na maƙalewa tsakanin haƙora da dasashi, ya ci gaba da sakin kafeyin kai tsaye cikin yawu, sai na'ura ta nuna adadin da ya ninka na jini. Idan yawu ya fito ja ko ruwan ƙasa, ko ana ganin ƴan gutsattsari a ƙasan kwalba, a zubar a sake bayan an goge baki da asuwaki. Alamar da ke tona wannan a ɗakin gwaji ita ce kafeyin mai yawa ƙwarai tare da paraksantin kaɗan.

Idan gwaji da maganar mutum suka saɓa, gwajin ne mai gaskiya?

Ba lallai ba, kuma nan ne masu bincike suka fi zaluntar mutanen da suka ba su lokacinsu. Gwaji na nuna abin da ya rage a jiki a lokacin ɗiba, ba abin da aka sha ba. Ga yawancin manya rabin kafeyin kan fita cikin awa 3 zuwa 7, a ce 5. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe takwas na dare, zuwa shida na safe saura 50 a jikinsa. Wanda ya sha 60 kawai awa ɗaya kafin ɗiba zai fi shi a na'ura.

Saurin hanta ma ya bambanta. Shan taba na kusan ninka saurin, don haka mai shan taba zai fito kamar ya yi ƙari a maganarsa. Ƙwayoyin tsarin iyali na haɗiya na kusan ninka daɗewar kafeyin. Siprofuloksasin, wanda ake yawan sha a nan don zazzaɓin taifot da ciwon mara, yana danne CYP1A2 ya sa kafeyin ya taru. Rifampisin na masu tarin fuka da karbamazefin na masu farfaɗiya suna ƙara saurin fitarsa. Ciwon hanta na rage shi sosai. Nauyin jiki ma na shiga: kafeyin na bazuwa cikin kimanin lita 0.7 a kowane kilo, saboda haka miligiram 100 a jikin mai kilo 60 zai ba da kusan miligiram 2.4 a lita, a jikin mai kilo 90 kuwa 1.6. Duk waɗannan sai an tambaye su an rubuta a ranar ɗiba. Kuma samfuri ɗaya bai isa ba, a ɗiba sau biyu ko uku a ranaku daban, a lokaci guda na yini.

Me ya bambanta mata masu ciki?

A watanni ukun ƙarshe rabin kafeyin na iya ɗaukar har awa 15 kafin ya fita, don haka adadi ɗaya na sha zai ba da lamba mafi girma a wata na takwas fiye da na biyu. Ba a haɗa su a lissafi ɗaya.

Sai matsalar tunawa. Matar da ta yi ɓari takan bi duk abin da ta ci tana tuhumar kanta, wadda ta haihu lafiya kuwa ta manta. Ga kuma laulayi: ciki mai ƙarfi ya fi zuwa da tashin zuciya da ƙin warin shayi, sai mace ta rage sha, a ga kamar rage shan ne ya tsare cikin. Wannan ne ya sa wani bincike na Amurka a 1999 ya koma ga jinin da aka adana tun lokacin goyon ciki ya auna paraksantin, maimakon tambaya. A yi tambaya tun farkon zuwa awo, a maimaita kowane wata uku, a rubuta laulayin ma. Mai cikin fari takan ji nauyin magana, a ba ta lokaci.

Iyakokin da ake kwatantawa da su: hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2015 ta sa miligiram 400 a rana ga manya, 200 ga masu ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ba da shawarar mai cikin da ke wuce 300 ta rage.

Ana iya yin aikin cikin azumi?

Ana iyawa idan azumin ake bincike a kai. In ba haka ba a kauce masa, har da makon salla, domin duk shan na komawa tsakanin magariba da sahur. Ciwon kan farkon azumi ma na iya zama na rabuwa da kafeyin, wanda kan fara awa 12 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe.

Mutum nawa ake buƙata, kuma wane lissafi ake yi?

Kada a gaza 50, 100 zuwa sama ya fi, kuma su yi kama da mutanen babban binciken: maza da mata, masu taba da marasa taba, har da waɗanda suka ce ba sa sha sam. Ɗaliban Jami'ar André Salifou sun fi sauƙin samu, amma ba za su wakilci dattawan Birni masu goro ba.

Don jeri a yi amfani da ma'aunin dangantaka na Spearman, saboda ƴan kaɗan masu sha da yawa na karkatar da lambobin. Tsakanin magana da yawu dangantaka matsakaiciya ake sa rai, ba cikakkiya ba. Don ainihin adadi, idan ma'aunan biyu duka miligiram a rana ne, kamar takarda da hirar jiya, a yi zanen Bland da Altman na 1986: bambancin biyun a tsaye, matsakaicinsu a kwance. Shi zai nuna ko kuskuren na ƙaruwa ga masu sha da yawa. Dangantaka kaɗai ba ta nuna haka, domin takardar da ke rage rabin adadin kowa za ta iya ba da dangantaka cikakkiya. Sannan a raba mutane gida huɗu a kowane ma'auni, a ƙirga nawa suka faɗa gida ɗaya, nawa suka tsallaka daga farko zuwa ƙarshe.

Idan ba a tantance ba, me zai faru da sakamakon?

Kuskuren da ya bazu kan kowa ba zaɓi yakan dusashe alaƙar da ake nema. A ce kowane miligiram 100 na ɗaga awon jini da maki 2, amma rabin bambancin da takarda ta nuna tsakanin mutane kuskure ne, to maki 1 binciken zai gani, wataƙila ma a ce babu komai. Wannan ana iya gyara shi da lissafi idan an yi tantancewa. Kuskuren da ya fi yawa a ɓangare ɗaya, kamar marasa lafiya su fi masu lafiya tunawa, yana iya ƙirƙiro alaƙar da babu ita, kuma lissafi ba ya gyara shi.

Idan babu kuɗin gwajin jiki fa?

Yawu da jini sai na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai ta auna kowanne, ko wadda ta fi ta, kuma sai an shirya da ɗakin gwajin tun kafin a ɗebi samfurin farko. Amma shayi da goro ana iya auna su da na'urar haske ta ɗakin kimiyya a tsawon zangon haske na nanomita 273, muddin an fara ware kafeyin da dikuloromitan, wani ruwan sinadari mai tsamo shi daga shayin. In ba a ware ba, sauran sinadaran ganyen za su shiga awon su kumbura lambar. Idan kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi, a kashe shi kan awon buta da goro da maimaita hirar jiya, a kuma faɗa a rahoto cewa ba a yi gwajin jiki ba.

Ana buƙatar izini ko da yawu ne kawai?

Ƙwarai. Sai an sami amincewar kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, sannan a sanar da hukumar lafiya ta jiha da mai unguwa. A bayyana wa kowa da Hausa abin da za a auna da abin da ba za a auna ba, domin samari da yawa na zaton ƙwaya ake nema a yawunsu, kuma wannan zaton kaɗai na sa su sauya abin da suke sha a makon. Yardar maigida ba ta maye gurbin yardar matar da za a ɗebi yawunta.